Baƙin tabarau na awon ido ta intanet: tambarin UV400 na wane gilashi ne?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni direba ne a Jidda, ina jigilar masu Umara daga filin jirgi zuwa Makka, wani lokaci har Madina. Shekaruna 47, kuma ba na gani nesa sai da tabarau. Rana tana kashe mini ido ƙwarai a hanya. Na ga wani shago a intanet yana sayar da baƙin tabarau da ake sa wa awon idon mutum a kan riyal 180, kuma hoton yana ɗauke da tambarin UV400. Na zaɓi wanda ya fi duhu a cikinsu. Kafin in biya, ina so in san ko zai kare mini ido da gaske.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, Alhaji. Allah ya tsare hanya, ya ba da ladan hidimar baƙin Allah. Shawarata ita ce ka dakata da biyan kuɗin nan tukuna. Sayen tabarau ta intanet ba laifi ba ne, ina ganin masu kyau da aka saya ta can a wurin aikina. Abin da ya sa na ce ka dakata shi ne, abubuwa biyun da ka dogara a kansu, wato tambarin da ke jikin hoton da duhun gilashin, babu ko ɗaya a cikinsu da ya ba ka tabbacin abin da kake nema.

Bari in fara da tambarin, don a nan ne mutane da yawa suke faɗawa ba su sani ba. Baƙin tabarau yana fitowa daga masana'anta da gilashinsa na asali, wanda ba shi da awon kowa. A kan wannan gilashin ake manna 'yar takardar nan mai rubutun UV400, shi ne kuma aka ɗauka a hoto. To amma kai ba da shi za ka gani ba. Ranar da odarka ta isa ɗakin yanka, ma'aikaci zai ɗumama firam ɗin kaɗan, ya sa babban yatsa ya turo gilashin waje, ƙas, ya jefa shi cikin kwali da takardarsa a manne. Ni da hannuna na yi haka ba adadi, kuma akwai kwali guda a ƙarƙashin teburinmu cike da irin waɗannan gilasai, kowanne da tambarinsa. Daga nan sai a ɗauko wani gilashi dabam, fari tas, mai ɗauke da awonka, a rina shi, a yanke shi daidai firam, a saka. Firam ɗin kaɗai ya rage daga abin da ka gani a hoto. Don haka tambayar da za ka yi wa shagon ita ce: gilashin da za ku yanka mini, da me aka yi shi, kuma har ina yake tare hasken UV?

Wannan hasken da ake taƙaita sunansa da UV, Larabawa suna ce masa fauƙal banafsajiyya, haka za ka gan shi a shafukan shagunan nan Saudiyya. Wani ɓangare ne na hasken rana da ido ba ya gani, fata kuma ba ta jin saukarsa sai bayan ya yi ɓarna. Ana auna haske da tsawon zangonsa, da wani ƙanƙanin ma'auni da ake kira nanomita. Abin da idonmu yake gani yana farawa daga wajen 400 zuwa 700 da 'yan kai. Abin da ke ƙasa da 400 shi ne UV, kuma kashi uku ne. Akwai UVC, daga 100 zuwa 280, wanda sararin samaniya yake shanyewa kafin ya iso ƙasa, sai mai walda ne yake haɗuwa da shi a bakin aikinsa. Sai UVB, daga 280 zuwa 315, mai ƙona fata da saman ido. Sai UVA, daga 315 zuwa 400, wanda ya fi yawa, ya kuma fi kutsawa ciki. Ma'anar UV400 ke nan: gilashin yana tare duk abin da ke ƙasa da 400. Ka lura da wani abu a nan. Ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta baƙin tabarau, ISO 12312-1, tana lissafin UV zuwa 380 ne kawai. Ke nan shago zai iya rubuta maka kariya ɗari bisa ɗari bai yi ƙarya ba, alhali akwai giɓi tsakanin 380 da 400. Ostareliya, wadda ta daɗe tana fama da cututtukan rana, har 400 take lissafawa a tata ƙa'idar. Kai ma 400 za ka nema.

Sai maganar duhu, kuma ita ce ta fi damuna a wasiƙarka. Aikin rini shi ne rage hasken da ido yake gani. Abin da yake tare UV kuwa sinadari ne marar launi, ko dai yana cikin jikin robar gilashin tun daga masana'anta, ko kuma a tsoma gilashin a cikinsa daga baya. Rinin yana iya rage wani abu, amma ba a dogara da shi. Farin gilashi tas zai iya tare UV gaba ɗaya, baƙi wuluk kuma ya bar wani ya wuce. Ɗan ramin nan da ke tsakiyar baƙin ido, Allah ya yi shi yana tsukewa a rana, yana buɗewa a duhu. Idan rana ta yi ƙarfi kuma, da kanka kake ɗan runtse ido, gira ta sauko ta yi masa rumfa. Ranar da ka sa baƙin gilashi, idon zai ɗauka inuwa ta samu, ya saki jiki, ramin ya buɗe, fatar ido ta ɗage. Idan gilashin yana da kariya, madalla. Idan ba shi da ita, ka rushe katangar da aka halicce ka da ita ba ka gina wata ba, an gudu ba a tsira ba.

Na taɓa ganin wannan ƙiri-ƙiri. Wani dattijo ɗan ƙasarmu, mai aikin tura keken marasa ƙarfi a Makka, ya shigo wurinmu don a ɗaure masa hannun tabarau da ya saki. Ɗansa ne ya saya masa ta intanet, baƙi ƙirin, har ba ka hango idonsa ta ciki. Muna da 'yar na'urar gwajin UV a kan kanta, ba ta fi girman akwatin dabino ƙarami ba. Kafin in miƙa masa, na ɗora gilashin a kanta, sai lambar ta nuna haske yana wucewa. Na ce, "Baba, ina tsohon naka?" Ya zaro shi daga aljihun gaban riga, nannaɗe a hankici, farin gilashi duk ya ƙarce. Na ɗora shi, lambar ta tsaya a sifiri. Ya dubi na'urar, ya dubi baƙin tabarau ɗin, ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ashe wanda na ajiye shi ne mai gadina." Wata bakwai ya yi yana shiga rana da sabon, cikin hasken farin dutsen nan na harabar Harami.

Dalilin bambancin yana cikin abin da aka yi gilashin da shi. A shafin odar za ka ga ana ba ka zaɓi da lambobi: 1.50, 1.56, 1.59, 1.60, 1.67, 1.74. Mutane suna ɗauka maganar kauri ce kawai, cewa idan lamba ta ƙaru gilashi ya ƙara siranta. Haka ne, amma kowace lamba roba ce dabam da halinta. Mai lamba 1.50 ita ce tsohuwar robar nan da ake kira CR-39, tun shekarun 1940 ake da ita. Gani da ita garau ne, tana da araha, kuma babu wadda ta kai ta shan rini. Ana tsoma ta a tukunyar rini mai zafi kamar yadda ake tsoma shadda a marina, gwargwadon daɗewarta gwargwadon duhunta. Shi ya sa yawancin baƙin gilashin awo mai araha da ita ake yi. Aibinta shi ne, a karan kanta tana tare UVB amma tana barin wani ɓangare na UVA ya wuce, sai an yi mata tsomi na biyu a ruwan kariya. Wannan tsomin ba ya barin wata alama da ido zai gani. Idan an yi, ba ka sani ba, idan an tsallake, ba ka sani ba. Wasu shaguna suna haɗa shi a farashi, wasu kuma suna ajiye shi a wani ɗan akwati da za ka danna ka ƙara kuɗi, idan ba ka danna ba shi ke nan.

Mai lamba 1.59 ita ce polikabonet. Ita kariyarta a jininta take, ko fara ce ko baƙa tana tare UV, ba shafe ba ne balle ya goge. Tana kuma jure bugu, wanda abin dubawa ne ga direba, don jakar iskar nan ta sitiyari idan ta fashe da ƙarfi take dukan fuska. Haka ma wata robar da ake kira Trivex, wadda ta fito a 2001, ta fi polikabonet tsabtar gani a gefe-gefe, sai dai ta fi ta tsada. Masu lamba 1.60 da 1.67 su ma galibi suna zuwa da kariya a jikinsu. Mai 1.56 kuwa ya danganta da masana'antar da ta yi ta, kada ka yi zato, ka tambaya. Gilashin kwalba na gaske, wanda iyayenmu suka sani, yana barin UVA da yawa, ga nauyi, ga fashewa, ba na ba direba shawarar sa shi.

Me ya sa nake nanata wannan haka? Saboda inda muke zaune. Makka da Jidda suna kan digiri 21 ne arewa da tsakiyar duniya. Sau biyu a shekara, wajen 27 ko 28 ga Mayu da kuma 15 ko 16 ga Yuli, rana takan tsaya daidai saman Ka'aba da azahar har inuwa ta ɓace, ranakun da mutane suke gyara alƙibla da su. Ma'aunin ƙarfin UV da za ka gani a manhajar yanayi ta wayarka, daga 11 zuwa sama ana lissafa shi matsananci, kuma a bazarar nan ƙasar ba baƙon abu ba ne. Idan ka hau Ɗa'if ka ji sanyi, kada sanyin ya ruɗe ka, domin UV yana ƙaruwa da kusan kashi 10 cikin ɗari a duk hawan mita 1,000. Rairayi yana maido da kusan kashi 15 cikin ɗari na wanda ya sauka a kansa, gajimare marar kauri kuma ba ya tare yawancinsa.

Ɓarnar tasa a hankali take taruwa. Wadda na fi gani a idon mutanenmu masu aikin waje ita ce tsokar nan da take tsirowa daga farin ido ta wajen hanci, tana rarrafawa zuwa kan baƙin. Da farko ja ne da ƙaiƙayi, mutum ya ce ƙura ce. Idan ta hau baƙin ido sai ta fara jan sa, awon ido ya karkace, idan ta kai tsakiya ta tare gani sai tiyata, kuma tana iya dawowa bayan an cire. Rana da iska da ƙura ne suke haɗuwa su raine ta, mu kuwa duka ukun muna da su. Sai yanar ido. Babban dalilinta tsufa ne, amma rana tana gaggauta ta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum miliyan 15 ne yana ta makantar a duniya, kuma kusan kashi 10 cikin ɗari na waɗannan mai yiwuwa UV ne sanadi. Akwai kuma ƙunar saman ido, irin wadda mai walda ya sani: ya yi aiki da rana lafiya, cikin dare ya farka kamar an zuba masa yashi a ido. Wannan tana warkewa cikin kwana ɗaya ko biyu, amma haske mai tsanani a kan ruwa ko farar ƙasa ma yana kawo ta.

Yanzu mu shiga motarka. Gilashin gaba fale biyu ne da leda a tsakani, wannan ledar tana tare UV sosai. Na gefe yawanci fale ɗaya ne. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2016 ya auna motoci 29, ya samu gilashin gaba yana tare kusan kashi 96 cikin ɗari na UVA, na gefe kuwa kashi 71 a matsakaici. Kai a hagu kake zaune, tagar hagu tana daf da fuskarka, awa nawa a rana, shekara nawa? Ga kuma wani abu da mutane ba su cika sani ba. Da tsakar rana, lokacin da take saman kai, gira da goshi suna yi wa ido rumfa. Ido ya fi shan UV da hantsi da kuma wajen la'asar, sa'ad da rana take kallon fuska. Makka tana gabas da Jidda. Ka ɗauki baƙi da safe rana tana gabanka, ka juyo da yamma tana gabanka. A hanyar Madina kuwa, fiye da kilomita 400, ta gefe take dukanka.

Wannan ne ya kawo mu kan siffar firam, wadda a wurina ta kusa kai gilashin muhimmanci. Wani likitan ido ɗan Ostareliya, Minas Coroneo, ya nuna cewa hasken da ya shigo ta gefen kunne yana ratsa dandamalin baƙin ido ya je ya taru a gefen hanci, ƙarfinsa ya ninka har kusan sau 20. Daidai inda tsokar nan take tsirowa ke nan. Ƙaramin firam mai siririn hannu, irin na gayu, ko da gilashinsa ya fi kowanne kariya, ƙofar gefe a buɗe take. Ka nemi mai faɗi, wanda ya kai gira ta sama, ya zauna kusa da fuska, hannunsa kuma yana da kauri a wajen mahaɗa. Ka kuma nemi a yi wa bayan gilashin, wato ɓangaren da yake kallon idonka, shafen hana maido da haske, wanda suke rubutawa AR, irin wanda aka yi don UV. Idan babu shi, hasken da ya zo ta bayanka yana iya bugun gilashin ya dawo cikin ido.

Sai dai a nan akwai tarko ga mai saye ta intanet. Firam ɗin da ya lanƙwashe ya rungumi fuska, irin na 'yan tseren keke, shi ya fi kariya, amma sa masa awo aiki ne na ƙwararru. Idan gilashi ya karkata a gaban ido ƙarfinsa yana sauyawa, sai an sake lissafi, kuma lissafin yana buƙatar a auna firam ɗin yana kan fuskarka. Idan awonka ya wuce 3.00 ko 4.00, ko kana da lamba mai yawa a gurbin CYL na takardar awonka, wato na karkacewar awon ido, kada ka sayi irin wannan daga nesa. Ka ɗauki mai faɗi wanda lanƙwasarsa kaɗan ce.

Ka kuma duba takardar awonka, ka ga ko an rubuta PD. Shi ne tazarar da ke tsakanin tsakiyar idanunka biyu, yawancin manya suna wajen milimita 60 zuwa 68. Da shi ake sanin inda za a ajiye cibiyar gilashi. Shafuka da yawa idan ba ka cike gurbin ba sai su sa maka 63 su wuce. Ga mai ƙaramin awo ba wani abu ba ne. Ga mai 4.00 kuwa, kuskuren milimita 3 a ido ɗaya yana karkatar da hoto gwargwadon da idanu za su yini suna kokawar haɗa shi, ka sauka daga mota da ciwon kai, ka ɗora laifin a kan rana. Ka je a auna maka da na'ura, minti ɗaya ne. Idan takardar ta haura shekara biyu a sake awon gaba ɗaya, kuma idan kana da ciwon sukari ka bari sai ya daidaita, don hawa da saukarsa yana sauya awon ido.

Ka ce ka zaɓi wanda ya fi duhu. Ina roƙonka ka janye wannan zaɓin. Duhun tabarau mataki biyar ne, daga 0 zuwa 4. Mataki na 3 yana barin kashi 8 zuwa 18 cikin ɗari na haske, shi ne na ranar ƙasar nan. Mataki na 4 yana barin kashi 3 zuwa 8 ne kacal, na masu hawan dutsen ƙanƙara ne, kuma ƙa'ida ta hana tuƙi da shi. Ka tuna Makka garin nafaƙ ne, wato ramin da mota take bi, hanyoyi da yawa ta cikin dutse suke ratsawa, musamman wajen Harami da Mina. Ka fito daga farar rana ka faɗa cikin rami da gilashi mai tsananin duhu, akwai 'yan daƙiƙu da ba ka ganin komai, ga motoci a gabanka, ga rayukan mutane a bayanka. Ko da mataki na 3 ne, ka rage gudu a bakin nafaƙ, kuma farin tabarau ɗinka ya kasance inda hannu zai kai. Da magariba ta kawo kai ka cire baƙin. Launi kuwa, toka-toka ko ruwan ƙasa, su ne ba sa rikita fitilun hanya.

Za su tallata maka mai sauya launi, wanda yake fari a ɗaki ya yi duhu a rana. Kariyar UV ɗinsa tana da kyau, amma ba zai biya maka buƙata ba. Yawancin irinsa hasken UV ne yake tayar da duhunsu, gilashin gaban mota kuma ya riga ya tare shi, sai ka ga ya ƙi yin duhu a inda ka fi so. Ga shi kuma zafi yana rage masa duhu, mu kuwa ka san zafinmu. Wanda zai yi maka amfani shi ne mai kashe ƙyalli, wanda 'yan shago suke ce wa polarayiz. Yana yanke walƙiyar da take tasowa daga kwalta da bayan motoci da ruwan teku, ido ya huta ƙwarai. Amma shi ma ka sani, kashe ƙyalli dabam, tare UV dabam, ko da yake galibi tare suke zuwa. Yana kuma iya duhunta fuskar wasu wayoyi da allon mota idan ka karkata kai, ka gwada shi da wayar da kake bin taswira da ita. Shafen hasken shuɗi da ake ƙara wa mutane kuɗi a kansa, ba ka da buƙatarsa a baƙin tabarau.

Shekarunka 47, don haka ina kyautata zaton ka fara ɗaga tabarau sama idan za ka karanta saƙo a waya. Idan takardarka tana da lamba a gurbin ADD, wato ƙarin awo na ganin kusa, shafin zai ba ka zaɓin gilashi mai haɗa nesa da kusa marar layi. Wannan kam a shago ake yin sa, don sai an ɗiga alama a kan gilashi daidai tsayin idonka kana sanye da firam ɗin. Ta intanet ka tsaya a na nesa zalla.

To yaya za ka yi kada ya zama cinikin biri a sama? Ka rubuta musu saƙo kafin ka biya, su amsa a rubuce cewa gilashin awon da za su yanka maka UV400 ne, su faɗi irin robar, su faɗi matakin duhun. Ka ɗauki hoton amsar da na shafin odar ka ajiye. Wannan rubutun yana da amfani a gaban hukuma. Dokar kasuwancin intanet ta Saudiyya ta 2019 ta ba mai saye damar mayar da kaya cikin kwana 7, amma ta togace kayan da aka ƙera bisa buƙatar mutum, sai idan suna da aibi ko sun saɓa wa abin da aka yi yarjejeniya a kai. Gilashin awo kuwa don kai kaɗai aka yanka shi. Ke nan idan ba a rubuta UV400 a odarka ba, ba ka da abin kamawa. Ka duba ko shagon yana da rajistar kasuwanci a nan ƙasar, don idan rigima ta taso kana iya kai ƙara Ma'aikatar Kasuwanci ta lamba 1900. Shagon da yake wata ƙasa, sai dai ka bar wa Allah. Haruffan CE da ake bugawa a hannun firam kuma, alamar cewa kaya ya cika ƙa'idar Turai, kada su kwantar maka da hankali, mai jabu ma yana da injin buga su.

Ba tsoratar da kai nake yi ba, amma an taɓa gwada abin. A 2011 wasu masana awon ido a Amurka suka yi odar tabarau 200 daga shagunan intanet 10, guda 154 suka iso, kuma kusan kashi 45 cikin ɗari sun gaza a gwaji aƙalla ɗaya, ko na daidaiton awo ko na jure bugu. An daɗe da yin wannan, kasuwar ta inganta tun daga lokacin, amma ya isa ya nuna maka cewa gwaji bayan isowar kaya ba ɓata lokaci ba ne. Ranar da tabarau ɗin ya iso, kada ka jefar da kwalinsa. Ka kai shi shagon tabarau mai na'ura, ka ce a duba maka abu uku: UV, awon gilashin ko ya dace da takardarka, da kuma inda cibiyarsa ta faɗa. Duka ba su wuce minti biyar ba. Akwai gwajin gida da ake yi da 'yar tocilan mai hasken UV da takardar riyal: ka haska kuɗin a duhu alamomin sirrinsa su bayyana, sannan ka sa gilashin a tsakani, idan sun ci gaba da haskawa to haske yana wucewa. Yana iya kama gilashi marar kariya sam, amma yawancin tocilan ɗin nan suna fitar da wani haske da ya ɗan haura 400, don haka suna iya sa ka zargi gilashi mai kyau. Na'urar shago ce alƙali.

Idan ya ci jarrabawa, ka kula da shi. Kada ka bar shi a kan dashbod, zafin wurin a bazara yana haura digiri 70, yana tsattsaga shafen gilashi, yana kuma lanƙwasa firam. Ka wanke ƙura da ruwa kafin ka goge, kada ka murza shi a bushe da gefen riga ko ƙarshen rawani, ƙurar nan yashi ce.

Da ni zan cike maka odar, zan ɗauki firam mai faɗi da hannu mai kauri, gilashin polikabonet ko 1.60 gwargwadon awonka, na nesa zalla, mai kashe ƙyalli, toka-toka ko ruwan ƙasa, mataki na 3, UV400 a rubuce, da shafen AR a bayansa. Zai wuce riyal 180, amma wanda ka gani ɗin ma idan suka amsa tambayoyin nan yadda ya kamata, babu laifi ka saya. Kafin nan, Alhaji, idan ka je awon PD ka ce a duba maka farin idonka da fitilar gwaji, musamman gefen hanci. Idan tsokar ta fara, a auna ta a rubuta, ka dawo bayan wata shida a ga ko ta matsa.